Tsinke a Kunne: Idan Dodon Kunne Ya Huje

A aikina na likitan kunne, hanci da maƙogwaro a nan Abuja, da wuya in ga kunnen da wuƙa ko harsashi ya huda. Masu ɓarnar su ne tsinken ashana, gashin kaza, murfin biro da tsinken nan mai auduga a baki. Mutum na cikin daɗin susa, yaro ya bangaji gwiwar hannunsa, sai zafi, sai jini, kunne ya toshe. Masu walda kuma, irin na Apo da Dei-Dei, tartsatsi ke faɗa musu, kuma hujin ƙuna ya fi taurin warkewa.

Daga bakin kunne zuwa dodon kunne kimanin santimita 2.5 ne ga babba. Dodon siriri ne kamar ɓawon albasa. A bayansa akwai ƙasusuwa uku, su ne mafi ƙanƙanta a jiki, masu miƙa sauti zuwa can ciki. Jijiyar da ke motsa fuska ma ta nan ta ratsa.

Yawancin hujin kan haɗe da kansa cikin makonni, wani ya kai wata uku, muddin kunnen ya zauna a bushe. A nan ake samun matsala. Sai a ɗiga man zaitun, ko man habbatussauda, ko ruwan nono, ko wani maganin ɗigawa daga kemis. Da yawa ba tsinken ne ke jawo musu ruwan kunne ba, wannan taimakon ne. Kada a zuba komai, kada a tono jinin da ya daskare. Wajen wanka a toshe da auduga mai man basilin. A alwala kuwa shafa ta wadatar.

Idan hujin ya ƙi rufewa, muna yin faci da ɗan tantanin da muke cirowa daga saman kunnen mutum. Ƙashin da ya goce ma ana gyara shi da tiyata, bayan gwajin ji.

Amma in aka ga jiri, amai, karkacewar baki, ruwa garau na zuba, ko ji ya ɗauke gaba ɗaya, ba a kwana da shi, sai asibiti. Haka in tsinken ya karye a ciki, kada a ciro shi a gida. Asibitin Ƙasa na Abuja da Asibitin Koyarwa na Gwagwalada duk suna da sashen kunne. Iyaye mata, don Allah ku ɗauke tsinken auduga daga inda hannun yara ke kaiwa, ku ma ku daina.