Asalin Take da Ma'anarsa

Kowace safiya mukan yi layi a filin makaranta mu rera taken ƙasa. Amma mu nawa ne muka taɓa tambayar ina aka samo wannan kalma ta "take"?

Take dai ya girmi makarantar boko nesa ba kusa ba. Shi ne kiɗa ko busa na musamman da aka keɓe wa mutum ɗaya ko wata sarauta, wanda da an ji shi an san wa ake nufi, ko ba a ambaci suna ba. Sarki yana da nasa a tambari da kakaki. Tarihin Kano ya nuna Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, shi ya fara kakaki a Kano. Mahauta kuwa kalangu ne nasu.

Mu 'ya'yan manoma na ƙasar Dambatta da Bichi ba sai an kai mu fada ba. Iyayenmu sun san gangar noma. Ranar gayya, idan makaɗi ya juya ganga ya saki taken wani saurayi, sai ka ga tsuma ta kama shi, ya duƙa da garma, ba ya ɗagowa sai ya kai ƙarshen kunya. Wanda aka kaɗa wa take ya tsaya yana hamma kuwa, ya ja wa gidansu abin faɗi.

To, wannan suna ne Hausawa suka ba waƙar ƙasa da aka sami mulkin kai a 1960. Wata Baturiya, Lillian Jean Williams, ita ta tsara baitocinta. A 1978, zamanin mulkin Janar Obasanjo, aka sauya ta da wata wadda 'yan ƙasa suka tsara, Benedict Odiase na ƙungiyar badujalar 'yan sanda ya yi mata kiɗa. A watan Mayu na 2024 kuma aka komo da ta farko.

Ashe ke nan waƙa tana iya sauyawa, amma ma'anar take tana nan. Kira ne, kuma da aiki ake amsa shi. Saboda haka, 'yan'uwana, gobe in mun tsaya a layi mu tuna mu ake kaɗa wa ganga, littafi kuma shi ne garmarmu. Allah ya ba mu ikon kai kunyarmu ƙarshe, amin.