Malamin kasuwanci ya kai ɗalibansa Gaya

Malamin da ke koyar da dabarun kasuwanci a Jami'ar Dosso, wadda aka kafa a 2014, zai kyauta in ya kwashi ɗalibansa zuwa Gaya ko sau ɗaya a zango. Tafiyar ba ta da nisa, kuma garin na cin kasuwa da ƙasashe biyu: Malanbil ta Benin a ƙetaren Kogin Neja, Kamba ta Najeriya a gefen gabas.

Darasin farko shi ne canji. A ba kowane ɗalibi buhun albasa a takarda, ya saye shi da sefa, ya sayar da naira, ya cire kuɗin mota, na ɗan dako da na kwastan, sannan ya faɗi abin da ya rage. Sefa a ɗaure take da yuro, naira kuwa tun da aka sake ta a 2023 sai hawa da sauka take. Nan ne mai digiri kan daburce, ɗan canji kuwa ya gama lissafi da ka.

Sai batun rufe iyaka. Najeriya ta rufe tata a Agustan 2019, ba ta buɗe ba sai Disambar 2020. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 gadar Malanbil ma ta tsaya, kaya suka koma kwale-kwale. Ɗalibi ya rubuta yadda zai yi da kayansa in hanya ta toshe.

Jari kuwa a fara da kaɗan: rake, rogo ko muruci, da littafin shiga da fita.