Amsoshin Tambayoyinku: Me Ya Sa Agogo Mai Wani Ya Fi Mota Tsada?

Tambaya: Wani abokina ya dawo daga Kano da agogo mai ƙananan fuskoki uku da madannai biyu a gefe, ya ce na ainihinsa ya fi mota tsada, kuma ba ya aiki da batir. Malam, me ke cikinsa haka? Daga wani mai karatu a Maruta, ƙaramar hukumar Gwaram.

Amsa: Irin wannan agogo Turawa ke kira kuronogiraf. Bayan nuna lokaci, yana auna tsawon abu: ka danna na sama ya fara ƙirga daƙiƙoƙi, ka sake dannawa ya tsaya, na ƙasa kuma ya mayar da hannun mafarinsa. Sukuwa ce ta fito da shi fili. A 1821 Nicolas Rieussec ya gwada nasa a tseren dawaki a Paris, inda tsinin hannun ke ɗiga tawada a fuskar agogon duk lokacin da doki ya iso.

Cikinsa sifirin ne da ake wanawa, sai ƙafafu masu haƙora da ƴan sanduna, wasu sai da madubin ƙara girma ake ganinsu, kuma gwani ne ke zama ya daidaita su da hannu. Amma kada a ruɗe ka da batun daidaito. Tun da Seiko ta fito da agogon batir mai suna Astron a Disamban 1969, na batir ya yi wa mai wani fintinkau. Hukumar da ke gwada agogo a Siwizalan tana ba mai wani shaidar ƙwarewa ko da yana gudu da daƙiƙa 6 a rana. Don sanin lokacin Azahar kawai, Casio ta ishe ka.

Mafi yawan kuɗin, a ganina, na labari ne da ƙaranci. Omega Speedmaster ce a hannun Buzz Aldrin da ya taka wata a 1969. A 1970 kuma, da kumbon Apollo 13 ya lalace a hanya, da irinta aka auna daƙiƙa 14 na kunna injin da ya gyara wa ƴan sama jannatin hanyar dawowa. A 2015 kamfanin ya yi samfurin tunawa da hakan, guda 1,970 kacal, kowane da lambarsa. Wannan ƙaranci da gangan ne, ba ƙarfe ne ya ƙare musu ba. Masu son nuna sun fi wane suke nema, kuma suna samu. Rolex Daytona ta ɗan fim Paul Newman, dala miliyan 17.8 aka saye ta a gwanjo a New York a 2017.

Na abokinka kuwa, ga gwaji mai sauƙi. A na gaske dogon hannun daƙiƙa yana tsaye cak a kan 12 sai an danna. Ƙaramar fuska ce ke ƙirga daƙiƙar yau da kullum. Idan dogon yana ta zagaye shi kaɗai, madannan kuma kwanan wata suke juyawa ko ba sa komai, to jabu ne. Ya kai wa mai gyaran agogo ya buɗe bayan ya duba masa.