Hauhawar PSA ba hukuncin kansa ba ce

Yawancin dattawan da ke zuwa mini da matsalar fitsari sun riga sun sa wa ransu kansa ce. Sau da yawa kuwa ba ita ba ce. Furostet, wato tsokar nan mai kamar girman goro da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, tana ƙara girma da shekaru. Kumburin tsufa yana farawa daga tsakiyarta, inda bututun fitsari ya ratsa, shi ya sa yake matse hanya da wuri: yunƙuri kafin fitsari ya fito, ɗigo, tashi sau da yawa cikin dare. Ita kansa galibi daga gefe take tsirowa, ta daɗe ba ta taɓa fitsari ba. Wannan shirun nata ne ya fi damuna.

Gwajin jini na PSA shi mutane suka fi sani, shi kuma aka fi yi wa mummunar fahimta. Yana nuna furostet ta motsu, amma ba ya faɗin dalili. Kumburin tsufa yana ɗaga shi, haka ciwon sanyi, sa robar fitsari, har saduwa da iyali dab da gwaji. A cikin masu sakamako tsakanin 4 da 10, kusan mutum ɗaya cikin huɗu ake samu da kansa. Akwai kuma mai kansar da PSA ɗinsa bai kai 4 ba. Mai shan finasteride ya gaya wa likita, domin maganin yana rage adadin da kusan rabi.

Gwajin yatsa ta dubura shi ake gudu saboda kunya, alhali bai kai minti guda ba. Kumburin tsufa sumul yake, mai taushi. Kansa kan zo da tauri ko ƙullutu. Sai dai yatsa bayan furostet kawai yake iya taɓawa.

Hoton ciki na gama-gari yana auna girman furostet da fitsarin da ya rage bayan an kama ruwa. Yana da amfani sosai ga mai kumburi, amma kada a dogara da shi wajen kore kansa. MRI ya fi shi ido nesa ba kusa ba, sai dai ga tsada, kuma ba kowane asibiti ke da shi ba. Tabbaci yana wuri ɗaya: a tsinko ɗan naman da allura a duba a ɗakin gwaji. Nan ake sanin akwai kansa, da kuma zafinta.

Baƙar fata sun fi shiga haɗarin wannan cuta. Wanda ya kai shekara 45, ko 40 idan mahaifinsa ko ɗan'uwansa ya yi ta, ya je ya zauna da likita ko da fitsarinsa lafiya lau yake fita.