Idan Aka Yi Wa Yaro Ƙani

Uwargida, ki dubi yaron da aka yi wa ƙani. Jiya shi ake goyo, yau an sauke shi, 'yan barka suna shigowa suna wuce shi zuwa wurin jariri. Sai ki ga ya koma fitsarin kwance, ko ya faɗi yana birgima a kan abin da bai taka kara ya karya ba, har ya mintsini jaririn idan ba kowa a ɗaki. Mu kuma sai mu ce rigima ce, a ɗauko bulala ko a ce za a kira dodo.

Kishi ne ke cinsa, da tsoron an daina sonsa, amma ɗan shekara 2 ko 3 bai san sunan abin da yake ji ba. Sashen gaba na ƙwaƙwalwa, wanda ke taka wa zuciya birki, ba ya gama ƙosawa sai mutum ya kai wajen shekara 25. To ina ga wanda aka yaye bara?

Ki fara da kanki. Annabi (SAW) ya koyar da cewa mai fushi, idan a tsaye yake, ya zauna. Ki durƙusa daidai tsayinsa, ki sassauta murya, ki faɗa masa abin da kika gani: "Ka ji haushi ne don na ɗauki ƙaninka ban ɗauke ka ba?" Ko bai amsa ba, kin ba shi kalma. Sannan ki ja layi: "Jin haushi ba laifi ba ne, amma ba a dukan jariri." Nasiha ta jira sai kuka ya lafa, domin yaron da ke shessheƙa ba ya jin magana. Kada kuma ki toshe masa baki da alewa ko waya. In kin yi haka, gobe zai ƙara ƙarfin birgimar.

Sa'ad da yake cikin nishaɗi, ku yi wasan hura koko: ya ja iska ta hanci kamar mai shaƙar ƙamshi, ya busa a hankali kamar mai hura koko mai zafi, sau 3. Ranar fushi sai ki ce, "Zo mu hura koko." Ki ware masa ko minti 10 a rana, shi kaɗai, jariri yana hannun wani.

Maigida, kai ma da kai nake. Kalmar nan ta "namiji ba ya kuka" tana damuna ƙwarai. Muna son 'ya'yanmu su tashi da haƙuri, amma yaron da tsoro ya sa ya haɗiye kukansa bai koyi haƙuri ba, ɓoyewa ya koya.

Idan yaro yana shiɗewa in ya yi kuka, ko ya wuce shekara 5 yana buga kansa da bango, ku kai shi wurin likitan yara.