Darasi Na 14: In Wanda Ake Ƙara Ya Ɓuya Wa Sammaci

Jama'a, yau za mu yi magana a kan sammaci. Sammaci takarda ce wadda kotu ta ke aika wa mutum. A cikinta akwai sunan mai ƙara, da sunan wanda ake ƙara, da abin da ake nema a wurinsa, da ranar da zai zo gaban alƙali.

Mu ce wani manomi ya ba wani dillali buhu 10 na gero bashi, a kan zai biya bayan kasuwa biyu. Kasuwa biyu ta wuce, wata shida ya wuce, shiru. Manomi ya kai ƙara, ya biya kuɗin sammaci. Masinjan kotu ya tafi gidan dillali, aka ce ya fita. Ya koma kashegari, aka ce ya tafi fatauci, alhali an gan shi da asuba a masallaci. To, manomi ya yi asarar geronsa ke nan? A'a.

Amma mu fara sanin dalilin da ya sa kotu ta ke wahalar da kanta a kan takarda guda. Ba a yanke wa mutum hukunci sai an ba shi damar faɗin nasa. Haka shari'ar Musulunci ta ce, haka kuma sashe na 36 na tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya ce. In aka yi shari'a ba a sanar da mutum ba, kotun sama tana iya rushe hukuncin duka, ko da mai ƙara shi ne da gaskiya. Saboda haka manomi kada ya yi gaggawa, kada kuma ya roƙi masinja ya rubuta cewa ya ba da takarda alhali bai bayar ba. Wannan ƙarya kansa za ta komo.

Hanya ta fari ita ce hannu da hannu. Masinja ya sami dillali, ya miƙa masa, dillali ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. In ya naɗe hannu ya ƙi karɓa, masinja ya gaya masa ko takardar mece ce, ya ajiye ta a gabansa, ya koma ya shaida wa kotu. Ƙin karɓa bai hana kome ba.

In kuwa an nema an rasa, sai manomi ya koma wurin alƙali ya faɗi yadda aka yi: ran kaza aka je, ran kaza aka koma, ga wanda aka tarar a zaure. A nan ne mai iya rubutu ya fi wanda bai iya ba, gama shi ya rubuta ranakun, bai dogara da tunani ba. In alƙali ya gamsu mutumin nan ɓuya ya ke yi, yana iya ba da izni a bi wata hanya. A ba wani baligi na gidansa, ko a manna takardar a ƙofar gidan da aka san shi da zama, ko a buga sanarwa a jarida. Mu lura, sai da iznin alƙali. Wanda ya je da kansa ya manna takarda a ƙofar mutum, aikin banza ya yi, watakila ma ya jawo faɗa.

Ɓuya ba yau aka fara ta ba. Littafin Tuhfa na Ibn Asim, wanda ya rasu a 1426, alƙalan ƙasarmu har yanzu suna karanta shi, ya kuwa yi maganar mai ƙin amsa kiran alƙali: a rufe masa abin da ba ya iya rabuwa da shi, kamar gida ko shago, har ya fito. Zamanin En'e kuma ta hannun hakimi da dagaci ake neman mutum, kafin gwamnati ta karɓi kotunan alƙalai a 1968. Har gobe mai unguwa ya fi masinja sanin wanda ya kwana a gida.

In dillali ya ƙaura zuwa wata jiha, sammacin babbar kotu yana iya binsa can, sai dai doka ta ba shi aƙalla kwana 30 kafin ya amsa.

Rana ba ta ƙarya. In ta zo, an tabbatar sanarwa ta kai, dillali bai zo ba, alƙali yana iya jin shaidun manomi, ya yanke hukunci a bayan idonsa. Sa'an nan a bi dukiyarsa. Da ya zo, watakila da an sassauta masa ya biya kaɗan kaɗan, ko ya nuna buhu 3 ya riga ya biya.

Tambayoyi
1. Waɗanne abubuwa huɗu ake rubutawa cikin sammaci?
2. Wa ke ba da izni a manna sammaci a ƙofar gida?
3. Me dillali ya rasa da bai zo kotu ba?

Ku rubuta a allunanku: sammaci, alƙali, masinja, shaida, hukunci.