Darasin Tarihi: Attajirin Ƙarfe Andrew Carnegie

A ƙarshen ƙarni na 19, lokacin da masana'antu suka bunƙasa a Amurka, wasu 'yan tsirarun mutane sun tara dukiyar da ba a taɓa ganin irinta ba. Wasu na kiransu jagororin ci gaba, wasu kuwa na ce musu manyan ɓarayi. Ɗaya daga cikinsu shi ne Andrew Carnegie.

An haife shi a ƙasar Sikotlan a 1835, ɗan wani masaƙi ne. Da injuna suka kashe saƙar hannu, talauci ya kore su zuwa Amurka a 1848. Yana ɗan shekara 13 ya kama aiki a masaƙa, ana biyansa dala 1 da santi 20 a mako. Bai yi nisa a makaranta ba. Wani bawan Allah, Kanar James Anderson, shi ne ya riƙa ba yara ma'aikata aron littattafai kowace Asabar, nan Carnegie ya ƙaro ilimi. Daga aikin waya ya koma kamfanin jirgin ƙasa, daga nan ya kafa masana'antun narka ƙarfe a yankin Pittsburgh.

To, amma su wa ke tsaye gaban wutar? Leburori ne masu aikin awa 12 a rana. A 1892 aka zaftare albashi a masana'antarsa ta Homestead. Da ma'aikata suka ƙi yarda, manajansa Henry Frick ya rufe ƙofa, ya ɗauko hayar masu gadi 300 da bindigogi. Aka yi artabu ranar 6 ga Yuli, aka rasa rayuka daga ɓangarorin biyu, daga baya ƙungiyar ƙwadagon ta wargaje. Carnegie kuwa yana can Sikotlan yana hutu, alhali da amincewarsa Frick ya kafe. Wannan tabo bai taɓa gogewa daga sunansa ba.

A 1901 ya sayar da kamfanin kan dala miliyan 480, ya shiga rabon dukiya. Kafin rasuwarsa a 1919 ya kyautar da kusan dala miliyan 350, kuma da kuɗinsa aka gina ɗakunan karatu fiye da 2,500. Garin Homestead ma ya samu nasa a 1898. Sai dai wasu leburorin sun ce da ƙarin albashi aka yi musu da ya fi, domin wanda ya wuni a bakin wuta ba shi da sauran ƙarfin buɗe littafi.